Ranar Raba Wanki

A gidan nan an karɓe mini ayyukana ɗaya bayan ɗaya, kuma duk da kyakkyawar zuciya aka karɓe, shi ya sa na rasa wanda zan yi wa faɗa. An fara da murhu, ranar da gefen zanena ya taɓa garwashi ban sani ba sai da ƙauri ya tashi. Aka bi da kasuwa, wai masu babur na Malumfashi ba su san tsoho ba. Tsintsiya kuwa ɓoye ta ake yi, kamar ni ce ƙaramar yarinyar gidan. Abu guda ya rage a hannuna. Ranar Asabar da hantsi, in an tattaro kayan dauɗa na gida duka an zube a tsakar gida, ni ke zama kan tabarma in raba su, fari wuri guda, mai duhu wuri guda, mai zuba wuri guda, jikokina biyu suna gefena ina koya musu. Wani zai ce wannan ai ba aiki ba ne. To ni shi ya rage mini, kuma da hannu biyu na riƙe shi, don na san abin da ke samun tsohuwa in aka karɓe mata na ƙarshen. Na gani da idona, tun idon yana aiki.

A ƙauyenmu, can bayan Ƙarfi, ba a gida ake wanki ba. Rafi ake zuwa. Da an sha kunu sai ka ga tsofaffi da 'yan mata sun jeru a siririyar hanya, ƙullin kaya a ka, masaki a hammata, gonar auduga a dama, dawa a hagu, raɓa tana jiƙa mana ƙafafu. Tun kafin ka hango ruwan za ka ji shi, don ƙarar bugun kaya a kan dutse tana zuwa da nisa, tim, tim, wata ta amsa daga wancan gefe. Matan Maguzawa na unguwar ƙetare sukan riga mu isa, su da ba sa jiran kowa, suna wanki suna waƙa suna tsokanar duk wadda ta makara. Rafin kansa a rabe yake, ko da yake ba wanda ya taɓa shata layi. Dutsen sama na fararen kaya ne, kuma da sassafe ake yin su, kafin shanun Fulani su sauko su dama ruwan. Ƙasa da shi kaɗan na kayan da suka sha jiki ne, waɗanda ba abin da ya rage musu da za su zubar. Can ƙasa kuma, inda ruwan ke lanƙwasa ya ɓace cikin ciyawa, nan ake kai baƙaƙen zannuwa, waɗanda suka fito daga marina. In yarinya ta kuskura ta tsoma baƙin zane a sama, ba uwarta kaɗai za ta yi mata faɗa ba, rafin gaba ɗaya zai taso mata.

Iya ce ta koya mini, kakata ta wajen uba. Gajeriya ce, mai kaifin baki, kuma lokacin da na yi wayo idonta ya riga ya tafi, sai dai ta bambanta rana da inuwa. Ba ta bugun kaya, ƙarfin ya ƙare. Ni ke jan sandarta har gindin wani marke da ke bakin rafin, in kwance mata ƙullin a gaba, ita kuma ta raba. Haka kawai. Amma ba wadda ta isa ta tsoma ko ɗankwali a ruwa daga gidanmu sai ya bi ta hannun Iya. Takan miƙo mini zane ta ce, “Ina za shi?” In na yi saurin amsawa sai ta ce, “Idonki ya gaya miki. To kin tambayi zanen?” Tambayar zane ita ce a jiƙa bakinsa a murza a tafin hannu. In tafin ya ɗauki launi, ƙasa za shi, ko da kuwa ya yi shekaru a gidan. Mun sha komawa gida da tafin hannu shuɗi, har mu ci tuwo da shi a haka.

Ita kam ba ta bukatar murzawa. Ɗagawa take yi ta kai hanci, ta ɗan shafa da yatsa, ta jefa inda ya dace. A lokacin kowane kaya da warinsa. Baƙin zane ba ya rabuwa da warin ramin rini, na toka da baba, ko an wanke shi sau nawa. Farin da aka kaɗa a gida aka kai masaƙa yana da kaushi, kana jin ɗinkin da ya haɗa ƙyalle da ƙyalle. Wanda aka ratsa wa jan alharini sai yatsa ya zame a kan ratsin. Farin yadin kanti kuma, alawayyo, wanda maza masu ɗan hali suka fara ɗinka riga da shi, sumul yake, yana da wani wari nasa na daban, Iya tana ce masa warin Bature. Mata sukan zo daga wani gida su miƙa mata zane don su gwada ta, ta sansana ta faɗi launinsa, ta ƙara da sunan mai shi da abin da ta dafa jiya. A yi ta dariya. Ni kuwa in kumbura, kamar hancin nawa ne.

Shekarar da aka haifi ƙanena auduga ta yi kyau. Baba ya kai tasa Funtua, ya dawo da abu biyu saboda suna: alawayyo da ya ɗinka babbar riga, da wani jan yadi na kanti da ya sayo wa Inna. Ba a taɓa shigo da irinsa gidanmu ba. Ja ne wur, har mata suna zuwa kallo. Ranar suna Baba ya sa rigarsa, Inna ta ɗaura janta, aka turara su da turare ɗaya. Da ranar wanki ta zagayo Inna tana cikin jego, ba ta fita, sai aka ƙulle kayan aka ɗora mini, na ja Iya muka tafi mu biyu. Ta raba baƙaƙen da farko, ta ce in kai su ƙasa in danne da dutse kada ruwa ya ja. Na tafi. Ita kuma ta ci gaba da sauran. Ashe ta ɗaga jan yadin nan ta kai hanci, ta ji warin kanti da turaren suna, ta shafa ta ji shi sumul, komai nasa irin na rigar Baba. Sai ta haɗa su a babban masaki, ta marmasa sabulun salo, ta laluba ta zuba ruwa, ta danna su da hannunta don su jiƙa.

Ina dawowa na ji rafin ya canza. Bugun nan ya tsaya, waƙar ta tsaya, sai ƙarar ruwa kawai. Iya tana zaune, hannuwanta cikin masaki har gwiwar hannu, tana cuɗawa a hankali, ruwan kuwa kamar an yanka kaza a ciki. Ta ɗaga kai.

“Ku kuma lahiya? Wa ya mutu kunka yi shiru?”

Sai Kande, wata tsohuwar Bamaguza ƙawar Iya, wadda kullum suke zagin juna da wasa, ta tako ta cikin ruwa ta tsuguna a gabanta. Ranar ba ta yi wasa ba.

“Tsame hannunki, ƙawata. Ruwan ya yi ja.”

“Ja daga ina? Fari ne duka. Na ji su.”

“Na sunan nan ne, na uwar jariri. Na kanti.”

Iya ta tsame hannuwanta ta riƙe su a sama, ruwa yana ɗiga. Ta sake laluba yadin, ta kai hanci, ta daɗe tana shaƙa. Sannan ta ce, da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba, “Zanen bai gaya mini ba.” Matan suka taru a kan rigar, aka ɗauraye, aka buga, aka sake ɗaurayewa, wata ta kawo tsamiya, wata ta ce toka. Rigar dai ta tsaya a ruwan hoda, wani wuri ya fi wani.

Ni tsoron faɗan Baba nake yi, ban san ba faɗa ne abin tsoro ba. Da yamma ya ɗaga rigar ya duba, ya ninke, ya je ƙofar ɗakin Iya ya durƙusa. “Iya, ba komai, riga ce,” in ji shi. “Amma ki huta haka nan. Kin yi mana. Ga yara nan sun taso.” Ya faɗa da ladabi, da tausayi, kamar yadda ɗa na kirki zai faɗa wa uwarsa. Iya ta ce, “To.” Rigar aka kai marina, ta dawo baƙa tana sheƙi, ta fi da kyau, Baba ya yi shekaru yana sa ta ana yaba masa. Iya kuwa ba ta sake taka hanyar rafi ba. Da farko in mun dawo takan tambaya ko ruwan ya janye, ko Kande ta zo. Daga baya ta daina tambaya. Sai dai ka same ta a bakin ƙofa, hannuwanta a kan cinya suna motsi su kaɗai, suna murza gefen zanenta. Kaifin bakin ma ya tafi. Ba wata cuta da aka ce ta kama ta, amma ba ta ga tsinkar audugar da ta biyo baya ba.

Yanzu ba rafi. An ce ko a ƙauyen ma ya zama ɗan kwararo, an noma har bakinsa. Mu nan ruwan jarka muke saye a wajen mai kura, sai a yi ta tattalinsa kamar mai. Babu sama, babu ƙasa, baho ne na roba, ruwan da ya wanke fari shi zai wanke mai duhu, shi ya sa rabon ya fi da muhimmanci, ko da yake ba mai yarda in na faɗa. Kayan kuma sun ninka. Da, mace mai zane uku ta gode Allah, yanzu jariri ma sai ya cika baho. Launuka kuwa har da waɗanda ban san sunansu ba, yaran suna kiransu da sunayen makaranta. Abin da ya fi damuna shi ne duk ɗaya suke a hannu. Hijabi, rigar makaranta, kayan gwanjo, duk santsi ɗaya, kamar leda. Ka kai hanci ka ji garin sabulun makon jiya da zufa, shi ke nan. Kayan yanzu ba sa gaya wa kowa komai. Da Iya za ta dawo, ko ƙulli ɗaya ba za ta iya rabawa ba, ni kuma ko rabin hancinta ban gada ba.

Nawa idon a hankali ya fara. Ɗana na fari, uban yaran, wanda nake zaune a gidansa, ya kai ni asibiti. Likitan, yaro ne da bai wuce jikana ba, ya haska ya haska, ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar ce ta gaji, sai dai magani na ɗigawa don abin ya rage gudu. Ina ɗigawa. Abin dai yana tafiya, ba ya sauri, ba ya tsayawa. Shi ya sa na matsa wa yaran da koyo, ina ganin in sun iya, ni da su sai mu zama mutum ɗaya, su ido, ni kai. Hasiya ce babba, shiru-shiru, irin yaran da ke kallon hannunka ba bakinka ba. Ƙanenta Sagir, wanda nake ce wa maigidana, shi baki ne gaba ɗaya.

“Kaka, rigar ƙwallona fa? Rabi fari rabi ja. Sai dai a yaga ta biyu.”

“Jiƙa bakinta ka murza, ka tambaye ta.”

“Kaka, riga ba ta magana.”

“Taka ce ba ta magana? Tun daga zaure nake jin ihunta. Wannan maigida ko ruwa kake gaba da shi?”

“To bari in sake ki mana, in ga wanda zai kwashe ki.”

Haka muke yi, Hasiya tana dariya ƙasa-ƙasa tana murza bakin zane a tafinta. Na koya musu sabuwar atamfa ita kaɗai ake jiƙa ta, ko da ta rantse ba ta zuba. Na koya musu farar shaddar babansu ba ta haɗa baho da kowa. Na koya musu safa baƙa ƙarama ce amma ta isa ta ɓata hijabi. Sai dai a hankali tambayar tawa ta sauya ciki, ko da yake bakinta bai sauya ba. Da, in na ɗaga kaya na ce “Ina za shi?” na san amsar. Daga baya ina ɗagawa ne don in ji. Fari tas da baƙi ƙirin ina ganinsu dishi-dishi, amma ruwan hoda da ruwan ɗorawa mai haske duk fari suke zame mini, ja kuma ya koma duhu. Ina tsammanin ba wanda ya lura, har ranar da Sagir ya ce, “Kaka, wai gwada mu kike yi, ko ke ce ba ki gani?” Na ji Hasiya ta mintsine shi. Bakin yaron nan ba ya riƙe magana, in ta kai kunnen ubansa na san abin da zai biyo baya. Zai zo ƙofar ɗakina ya durƙusa, da ladabi, da tausayi. Sai na ɗaure fuska na ce karatu ya ƙare, daga yau su zuba ido su ga yadda manya ke yi. Ban sake tambayarsu ba.

Na koma rabawa ni kaɗai, ina kai kaya kusa da ido, ina juya shi wajen rana, ina shafawa, ina addu'a a ciki. In na gama sai in karkaɗe hannu in shiga ɗaki in yi sallar walaha, su kuma su kai wa uwarsu. Mako ya bi mako, ba abin da ya ɓaci. Ba a taɓa cewa ga hijabi ya rine ba, shaddar uban tana fita Juma'a ba wanda ya yi ƙorafi. Saude, matar ɗana, wadda 'yar ƙanena ce, kullum in ta gama shanya sai ta leƙo ta ce, “Gwaggo, sannu da aiki, an gode.” Ni kuma har na fara jin kaina. Na ce ashe hannun yana nan, ashe abin a jini yake.

Wata Asabar, bayan an cire masara, na gama rabo na shiga ɗaki, na shimfiɗa darduma, sai na tuna na bar carbina a kan tabarma. Na juyo zan ɗaga labule, sai na ji motsi. Ba motsin ɗaukar kaya ba ne, wanda ake yi da ƙarfi a wuce. Wannan a hankali ake yinsa, ana ɗaga ɗaya, a ajiye can, a sake ɗaga wani. Kunnena dai ba abin da ya same shi.

“Ɗauke wancan,” in ji Hasiya cikin raɗa. “Sabon hijabin Mama ne, mai ruwan hoda. Jiya na murza shi, yana zuba. Ta sa shi kan shaddar Baba.”

“Yau ta ɓata da yawa,” in ji Sagir. “Sun fi na wancan makon.”

“Yi a hankali mana, za ta ji.”

“Ni na gaji da yin abu sau biyu. Me ya sa ba za mu raba kawai tun farko ba?”

“Baba ya ce a bar ta ta raba. Ya ce duk wanda ya gaya mata, shi da shi ne. Miƙo safar nan, ba ka ga baƙa ce ba? Ƙarama ce amma ta isa ta ɓata hijabi.”

Maganata ce a bakinta, har yadda nake jan ƙarshenta. Na tsaya riƙe da gefen labule. Na so in ji haushi, na nemi haushin na rasa inda zan sa shi. Yarinyar ta iya, ta fi ni iyawa, abin da na roƙi Allah ke nan. Uban bai zo ya durƙusa ba, ya samo wata hanyar da ta fi taushi. Saude tana gode mini a kan aikin da 'ya'yanta ke warwarewa. Ba wanda ya yi mini laifi a gidan nan, ko ɗaya. In na ɗaga labulen na ce na ji, na kunyata su, kuma daga ranar ba sauran abin da zan zauna a tsakar gida in yi. In na yi shiru, na zama yarinyar da ake ba ƙullun wasa ta murza kusa da masu tuwo. Na daɗe a tsaye ina neman hanya ta uku, ƙafafuna suka gaji. Na saki labulen, na koma kan darduma, na yi tasbihin da yatsu. Hawaye ya zo, na bar shi, idon ai ya iya wannan har yanzu.

Da rana ta yi sama Saude ta leƙo, hannunta yana warin sabulu.

“Gwaggo, sannu da aiki. An gode, Allah ya ƙara lafiya.”

“Amin,” na ce. “Ba abin da ya zuba dai ko?”

“Ba abin da ya zuba, Gwaggo.”

Har yanzu ina zama ranar Asabar. Ana zube mini kayan a gaba, ina ɗagawa, ina juyawa wajen rana, ina ajiyewa inda zuciyata ta ce, yaran suna gefena suna kallo. Sai dai yanzu ba na ɓata musu lokaci, ina yi da sauri in tashi. In na shiga ɗaki nakan ja ƙofar har ta rufu, don kada su wahala da raɗa. Sallar walahar ma na ƙara mata tsawo. Ina idarwa sai in zauna da hannuwa a ɗage, ina sauraro, ba na shafawa sai na ji an fara zuba ruwa a baho.